Turken Birnin Zalɓawa

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya yi mata faɗi, Ya ba ɗan Adam ƙafa biyu, bai kuwa rubuta masa a tafinsu inda zai tsaya ba. Masu sauraro, ku gyara zama. Ni ma zan gwada.

Sunana Nomau ɗan Barmo, mutumin Tungar Ƙirya. Ana tsakiyar noma aka haife ni, shi ya sa aka raɗa mini wannan suna, kuma iyakar abin da ya haɗa ni da noma ke nan. Tun ina rarrafe ba a taɓa ajiye ni a wuri aka dawo aka same ni ba. Da na kai shekara ashirin sai na ga duk inda ƙafa za ta kai mutum ta dawo da shi kafin magariba na riga na je. Na ɗauki sanda da buta da 'yar jaka, na je na durƙusa gaban Inna, mahaifiyata, tana zaune bakin ƙofa tana tsince wake.

Na ce, "Inna, zan je in ga inda ƙasa ta ƙare."

Ta ce, "In ka gani sai me?"

"Sai in dawo in gaya miki."

"Yaushe?"

"Kafin a yanke gero."

Ba ta ɗago ba. Ta hure ƙaiƙayi daga faifai, ta ce, "To. Nan za ka same ni. Ba zan gusa daga ƙofar nan ba sai ka dawo, kada ka zo kana tambayar mutane ina uwarka."

Na ɗauka irin maganar da iyaye mata kan yi ce. Na kama hanya.

Shekara biyu na yi ina tafe ni kaɗai. Na ratsa Ƙasar Dutsen Hayaƙi, inda ba a san murhu ba, sai dai mace ta hau dutse ta ɗora tukunya a kan rami, ta sauko ta jira. Can wani manomi ya sa ni aikin korar tsuntsu, ya ce in tsaya kan rumfa ina kaɗa tsumma. Kafin azahar na bi tsuntsayen in ga inda suke kwana. Na kuma sauka wani gari da gaisuwar baƙo ke ɗaukar kwana uku, a zaune, ba a miƙe ƙafa. A rana ta biyu, an iso kan lafiyar awakin kakana, na ce zan kewaya. Ina jin har yau suna jira.

A shekara ta uku ne, a wani fili mai gishiri wanda ko ciyawa ba ta yarda da shi ba, na hango malafu suna tafiya. Malafu ne manya, kowace ta kai murfin rumbu, a jere tun daga gabas har inda ido ya gaji. Da na matso sai na ga ashe akwai mutane a ƙarƙashinsu, sun kai dubu uku, maza da mata, kowa kansa a sunkuye, kowa yana kallon yatsun ƙafarsa.

Na yi sallama. Wani dogo mai lanƙwasasshen wuya ya amsa ba tare da ya dube ni ba. Shi ne Jagaba Bakutu, shugaban tafiyar.

Ya ce, "Ina ƙafa?"

Na ce, "Ga ta."

"Ba haka ake amsawa ba. Ka ce tana tafiya."

"Tana tafiya."

"Madalla. Shigo layi."

Muna tafe ya ba ni tarihinsu. Sunansu Zalɓawa. Asalinsu wani tsibiri ne can arewa, fari fat saboda yawan zalɓe, kifi har yana hawa jirgi da kansa. Wata rana kakansu na farko ya ce a tashi, za a je inda za a kafa birnin da ya fi kowane birni. Ya mutu a hanya, aka zuba ƙasusuwansa a kwando aka ci gaba. Shekara ɗari biyu da takwas ke nan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaya za ku gane wurin?"

"Akwai alama. Gaggafa a kan ƙerana, tsiron nan mai ƙaya, ƙeranar a kan dutse, dutsen a tsakiyar ruwa, da maciji a bakin gaggafar."

"Gaggafa ai a sama take."

"Haka ne."

"Ku kuma ƙasa kuke kallo."

Ya yi taku kamar goma kafin ya ce, "Mu mutane ne masu kunya."

Can gaban layi, gaban Jagaba ma, wata tsohuwa ce ke tafiya, ta ranƙwafa kamar lauje, da kwando goye a bayanta. Ita ce Mai-Goyo. Shekara arba'in da ɗaya tana ɗauke da ƙasusuwan Kaka, kuma ita kaɗai ke jin maganarsa. Kullum da safe Jagaba zai zo ya rusuna ya ce, "Iya, me Kaka ya ce?" Ta karkata kunne wajen kwando, ta ce, "Ya ce a ci gaba." Sai a ci gaba. Ni dai sallata nake yi, ban shiga tsakaninsu da kwandonsu ba.

Rana ta farko da ta lura da ni, ta dubi ƙafafuna ta ce, "Ɗan nan, ina malafarka?"

"Ba ni da ita, Iya. Ina son ganin gari."

"Saƙa malafa."

Ban saƙa ba.

Gaskiya ban taɓa jin daɗin mutane kamar su ba. Ba sa shuka abin da zai wuce kwana arba'in. Kayan amarya duwatsun murhu uku ne, ita za ta ɗauki biyu, ango ɗaya. In mutum ya zauna da rana sai a zo a tambaye shi ko ba shi da lafiya. Shekara guda na yi cikinsu ba wanda ya ce mini in natsu.

A ƙarshen shekarar muka isa bakin wani babban tafki da duwatsu suka kewaye. Sarkin bakin tafkin bai so mu ba, amma ya ji nauyin ya kori baƙi. Sai ya ce ya ba mu masauki a Fagen Macizai, wurin da ko makiyayi ba ya ratsawa, yana lissafin kafin wata ya kama an gama da mu. Bayan kwana ashirin ya aiko a ƙirga gawa. Ɗan aike ya tarar da mu mun yi ƙiba. Mata sun gasa, sun soya, sun yi miya, wasu sun shanya na guzuri. Jagaba ya ce a gaishe da sarki, a kuma tambaye shi ko yana da wani fagen. Washegari aka aiko mana da dakaru su raka mu, ta gefen da babu hanya sai ruwa.

Muka shiga tafki da hantsi, ta wani mashigi da ruwa bai wuce gwiwa ba. Babu iska ko kaɗan, ruwa ya kwanta sumul. Mai-Goyo na gaba, Jagaba na biye, sauran jama'a a bayansu, ni ina can ƙarshen layi don na tsaya kallon wasu agwagi. Da na kewayo wani kurmin kyauro sai na ɗaga ido. Ga dutse a tsakiyar ruwa. Ga ƙerana a kansa. Ga gaggafa ta buɗe fukafukai, da maciji yana murɗawa a bakinta.

Na ce a raina, yau Nomau ya zama wani abu. Na ɗaga murya na ce, "Jagaba, ga gaggafarku can."

Ƙafa dubu shida ta tsaya cak a cikin ruwa. Wata mata ta yi ajiyar zuciya. Wani daga tsakiya ya ce, "Wai wa ya kawo baƙon nan?"

Jagaba ya ratso layi har inda nake, kansa a ƙasa. Ya ce, "Ka tabbata ba shaho ba ne?"

"Gaggafa ce."

"Ƙila tsohuwar igiya ce a bakinta."

"Tana motsi."

"Iska ce."

"Babu iska, ranka ya daɗe."

Ya cire malafarsa. Ranar na fara ganin fuskarsa, ashe yana da gemu. Ya dubi tsibirin, taɓo ne da kyauro da sauro, faɗinsa bai fi masussuka ba. Ya ce, "A zamanina kaɗai sau goma sha ɗaya muna jin fukafukanta a kanmu. Akwai wani kwari mai dabino da ƙorama biyu, nan ma mun ji. Ba wanda ya gani. Sai yau, a nan."

Sannan ya gaya mini abin da ya kamata a gaya mini tun a filin gishiri. Kaka ya bar doka: wanda ya fara ganin alama shi ne Turke. Za a ɗaure ƙafarsa a jikin dutsen, ya zauna nan har ya mutu, a gina birni kewaye da shi. Ran da Turke ya tafi, birni zai nutse. Shi ya sa shekara ɗari biyu da takwas kowa yake son a iso, ba wanda yake son ya zama shi ya gani.

Na ce, "Me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Ba a zancen a gaban baƙo. Iya ta ce ka saƙa malafa."

Maƙeri ya buga mini munduwar tagulla a idon sawu. Aka ɗaura mata igiya taki arba'in, ɗaya bakin a gindin ƙerana. Aka yi mini rumfa, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo kifi da kunu mai zafi. Ban taɓa samun girma irin wannan ba, ban kuma taɓa jin ina son mutuwa kamar ranar ba.

Na gwada gudu sau ɗaya. Da tsakar rana na yanke igiya da ɓawon katantanwa, na faɗa ruwa. Na manta da irin mutanen da nake ciki. Wanda kakanninsa suka yi shekara ɗari biyu suna tafiya ba a tsere masa. Wata tsohuwa mai tallar gasasshen kwaɗo ce ta cim mini, ko tiren ba ta sauke ba. Ta riƙo hannuna ta ce, "Turke, ka yi ɓatan kai, gida can ne."

Zalɓawa suka kama gini, aikin da ba wanda ya taɓa gani a cikinsu. Ɗakin farko sun manta ƙofa, ta rufi aka zaro magini. Da yake babu ƙasar noma, sai suka saƙa manyan zanaki na kyauro, suka shimfiɗa a kan ruwa, suka kwaso laka daga ƙasan tafki suka lafta, suka kafa turaku. A kai suka shuka masara da wake da kabewa da barkono. Lakar nan kuwa ko sanda ka soka sai ta yi ganye. Sai dai barci ya ƙi zuwar musu in ba su yi tafiya ba, don haka kullum da safe sai su jeru su kewaye tsibiri sau sittin, suna wuce ni suna cewa, "Turke, ina ƙafa?" Ban taɓa amsawa ba.

Kwandon Kaka aka gina masa ɗaki. Mai-Goyo kuwa aikinta ya ƙare, kuma dokar ba ta ce komai a kan Mai-Goyon da ta sauke goyo ba. Bayanta bai miƙe ba. A bakin ɗakin kwando take kwana, ta ci in an tuna da ita. Takan zo ta zauna gefen rumfata, ta dubi akushina ta ce, "Yau me aka kawo?" In tura mata rabi.

Dokar tana da reshe na biyu: ba a gini sai inda igiyar Turke ta kai. Da masara ta nuna, masunta suka fara zuwa musaya. Bayan su masu tukwane, bayan su masu gishiri. Wasu suka zo da safe suka koma da yamma, wasu suka zo da tabarmi. Kafin shekara ta kewayo, taki arba'in ya cika maƙil, mutum na kwana ƙafarsa a ɗakin maƙwabci. Dattawa suka zauna kwana biyu, suka gano Kaka ya ce a ɗaure Turke, amma bai faɗi tsawon igiya ba. Aka yi biki, aka ƙara mini taki ɗari.

Nan na ga ƙofa. Kullum sai in ja igiyata har ƙarshenta, in zauna inda jirage ke tsayawa. Duk wanda ya sauko in tare shi.

"Daga ina, baba?"

"Daga ƙauye, bayan dutse."

"Har yanzu kuna can? A nan ko kaza ba ta kwana da yunwa. Gona a kan ruwa take, ba a jiran damina. Je ka kwaso iyali."

Wani abin gaskiya ne, wani na ƙara gishiri. Suka yi ta zuwa, ƙauye bayan ƙauye, da awaki da turame. Ana cika ana ƙara igiya. Taki ɗari ya zama ɗari biyar, ya zama dubu biyu. Aka yi unguwar maƙera, aka yi unguwar masu saƙar gashin tsuntsu, aka haƙa hanyoyin ruwa tsakanin gidaje, aka yi gada har bakin tafki. A shekara ta uku igiyata ta kai babbar kasuwa, kuma sai ƙarti shida sun bi ni suna ɗauke da nadinta. Lissafina shi ne wata rana za ta kai gida.

Wata ranar kasuwa na tare wani mutum ya sauko daga jirgi da ƙyauren ɗakinsa a ka. Na yi masa irin tambayar da na saba, na ƙara da cewa, "Wa ya rage a garinku?"

Ya ce, "Ba kowa. Sai wata tsohuwa. Ɗanta ya tafi yawo shekarun baya, ta ce ba za ta tashi ba kada ya dawo ya rasa ta. Mun bar mata dami biyu."

"Dami biyu zai kai ta ina?"

"Zai kai ta inda ya kai ta."

Ya gyara ƙyaurensa ya wuce. Daga ranar duk wanda ya sauko sai na tambaye shi. Kusan kowane ƙauye akwai irinta. Wani wurin tsoho ne, wani wurin matar aure. Na ƙirga a yatsa, sau shida aka yanke gero tun da na bar Tungar Ƙirya. Na kuma auna nisan gida, tafiyar shekara guda ce cur. Ko duk ƙauyukan duniya sun watse sun zo nan, igiyar ba za ta kai ba kafin Inna ta gaji da zama, kuma na san irin gajiyar da kaɗai za ta tashe ta daga ƙofar nan.

Na daina zuwa matsayar jirage. Na koma gindin dutse na zauna bakin ruwa, na sunkuyar da kai, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ina nan a haka sai na ga hankaka ya gifta a cikin ruwa, ya sauka kan ƙerana, ƙafafunsa a sama. Na daɗe ina kallonsa. Ban ɗaga kai ba, amma ko farin ƙirjinsa ina gani.

Na jira ranar bikin ƙarin igiya, ran da duk Zalɓawan asali ke taruwa gaban dutse. Da maƙeri ya matso da sabon ƙulli sai na ce, "Jagaba, ina da tambaya kafin a ƙara."

"Turke yana da baki. Yi."

"Sa malafarka. Zo nan bakin ruwa, ka sunkuya yadda ka saba."

Ya sa, ya zo, ya sunkuya.

"Me ke kan ƙerana?"

Na watsa 'yar masara a kan dutsen tun da safe, don haka akwai abin gani. Ya ce, "Hankaka biyu."

"Ka ɗaga kai?"

"Ban ɗaga ba."

"Ran da muka haye tafki, akwai iska?"

"Kai da bakinka ka ce babu."

"Ina kuke kallo, ku dubu uku?"

Na ƙara da cewa, "Ni ina ƙarshen layi, sai da na kewayo kyauro na gani. Duk wanda ke gabana ya riga ni wuce wurin, idonsa cikin ruwa."

Wani mai suna Gwandi, wanda ya fi kowa yi mini ba'a da safe, ya ce, "Ni dai idona a rufe yake."

Matarsa ta ce, "Kai da ka zungure ni ka ce macijin ƙato ne?"

Jagaba ya shafa gemu. Ya dubi jama'a, ya dubi nadin igiya, ya ce, "Ba za ta ishi kowa ba."

Wani dattijo ya ce, "Doka ta ce wanda ya fara gani."

Jagaba ya ce, "To wa ke gaba?"

Ba sai an faɗa ba. Mai-Goyo ta taso daga gefen rumfata, tana dogara sanda, ta zo tsakiyar fili. Ta ce, "Ni ce. Tun tana saukowa na gan ta. Macijin baƙi ne mai farin wuya, ta kama shi ta tsakiya, sai da ta gyara riƙo sau biyu."

Na ce, "Iya, shekara uku kina cin rabin kifina, ba ki faɗa ba?"

"Na tsaya in ga ko da gaske ana ciyar da Turke. Ka san mutanenmu."

"Ai tun watan farko kin gani."

"Taki arba'in? Wa zai zauna a igiyar da ba ta kai kasuwa ba?" Ta zauna kan tabarmata, ta miƙo ƙafa. "Maƙeri, zo. Kada ka matse."

Ana cire mini munduwa ana buga mata, na durƙusa kusa da ita na ce, "Iya, tsakanina da ke. Me Kaka yake cewa kullum da safe?"

Ta ce, "Shekara arba'in da ɗaya magana ɗaya ce. A sauke ni."

"Kika riƙa cewa a ci gaba?"

"Wadda ta goye shi kafin ni haka take faɗa. Ban so in kawo sabon abu ba."

Sauran Zalɓawa kunya ta kama su, wannan karon ta gaske. Kowa ya nemi zare ya ɗaura a idon sawu, kuma na ji an ce har yanzu da shi ake gane ɗan asalin birnin. Jagaba ya raka ni ƙarshen gada. Ya yanko taki uku daga tsohuwar igiya ya ba ni, ya ce ba a sallamar Turke hannu wofi, ko da yake ba a taɓa sallamar wani ba. Ya ce, "Ina ƙafa?"

Na ce, "Tana tafiya."

Ban tsaya kallon komai a hanya ba. Na ratsa bayan garin gaisuwa da sanɗa. Na wuce Dutsen Hayaƙi ban ko leƙa tukunya ba. Shekara guda cif, da hantsi, na hango ƙiryar bakin garinmu.

Ba hayaƙi, ba kukan jaki. Rufin gidan mai unguwa ya zauna a ƙasa. Tumfafiya ta tsiro a tsakiyar masallaci, guga babu a bakin rijiya. Na bi lungu ina taka ciyawa har gwiwa, har na karyo kwanar gidanmu.

Tana bakin ƙofa da faifai a cinya. Ta ragu, kamar an wanke ta ta shige. Akuya ɗaya na kiwo a gefenta. Na zube a gabanta.

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ka ga inda ta ƙare?"

"Ban gani ba, Inna."

"An yanke gero."

"Na sani."

"Sau bakwai."

Na ce, "Ina mutane?"

"Birnin nan namu. Shekara huɗu ke nan. Rijiya ta ja baya, aka ce can akwai aiki, gida ɗaya ya tashi, sauran suka bi. Kawunka Jibo ya zo da jaki sau uku. Duk wata yakan aiko da hatsi, da faɗa."

"Me ya sa ba ki bi shi ba?"

"Wa za ka tambaya a nan? Akuya?"

Ta miƙo hannu na ɗaga ta. Inda take zama ƙasa ta lotsa ta yi santsi, daidai irin lotsawar da na bari a gindin dutse. Na duba idon sawunta. Babu munduwa, babu zare.

Ta ce, "Me ka kawo?"

Na zazzage jaka. Ba komai sai igiyar nan taki uku. Ta karɓa, ta ja ta ji ƙarfinta, ta ce, "Wannan kam sun iya tufka." Ta ɗaure akuya da ita, ta miƙo mini bakin. "Ɗauki tukunya. Faifan ni zan riƙe."

Ba ta iya doguwar tafiya, don haka goya ta na yi, wuni biyu, akuya na biye. Ba ta yi magana a hanya ba sai da muka iso ƙofar birni, mutane na kaiwa da komowa. Nan ta taɓa kafaɗata ta ce, "Sauke ni." Ban bari ta maimaita ba.

Wata biyu ke nan muna gidan Kawu Jibo, a ɗakin da ke kusa da zaure. Ƙafar tana nan da halinta, ba zan ɓoye muku ba. Kullum da safe nakan fita in kewaye ganuwa. In na ɗauki takalmi sai Inna ta ce, "Yaushe?" In ce, "Kafin la'asar."

Nan igiyar hikayar ta ƙare. Wanda ya ji ƙari a ciki ya yafe, wanda ya ji ragi ya cika da nasa. Ku tashi lafiya, ga inuwa ta fara karkata, ana jirana.